Me ya sa mutuwa ta cika zanen ɗab'i na zamanin Farfaɗowar Turai?

Malamar Tarihi, Tudun Jamus

Assalamu alaikum. Ina gaida iyaye da yayyen da ke wannan zaure, tare da fatan kowa yana lafiya da iyalinsa. Ni malamar tarihi ce a wata lise, wato makarantar sakandare, a nan Damagaram, kuma daga cikin darussan da nake koyarwa akwai zamanin Renesans, wato Farfaɗowar Turai, wanda ya faro a Italiya a ƙarni na 14, ya bazu zuwa sauran ƙasashen nahiyar a ƙarni na 15 da na 16. Littattafan da ke hannunmu suna bayyana shi a matsayin lokacin da Bature ya koma ga son rayuwa, ya ɗaukaka hankalin ɗan Adam da kyawun halittarsa, ya rungumi bincike da tafiye-tafiye.

Sai dai da na shiga neman hotunan da zan nuna wa yara, musamman irin waɗanda ake bugawa a takarda daga allon katako ko farantin jan ƙarfe, sai na tarar mutuwa ta cika su. Ga ƙwarangwal yana zuba wa sarki abin sha, ga shi yana jan ƙaramin yaro daga gaban mahaifiyarsa, ga ƙoƙon kai an ajiye a bakin tagar wani malami mai rubutu, ga kuma agogon yashi kusan a ko'ina. Sunayen da suka fi maimaituwa su ne Albrecht Dürer da Hans Holbein.

Tambayata kashi biyu ce. Na farko, ta yaya zamanin da aka ce na son rayuwa ne ya cika da zanen mutuwa haka, kuma me masu zanen suke nufi da ita, tunda na tabbata ba don firgita mutane kawai suka ɓata shekaru suna wannan aiki mai cin ido ba? Na biyu, ɗalibaina kusan duka ƴaƴan Musulmi ne, wasunsu da sun ga ƙwarangwal sai tunaninsu ya tafi ga fatalwa ko tsafi, don haka ina neman shawara a kan hanyar da zan gabatar musu da waɗannan hotuna ba tare da na yi wa addininmu ko wa tarihin rashin adalci ba. Allah ya saka da alheri.

Tsohon Malamin Zane, Birni

Wa alaikumus salam, ƴata. Allah ya yi wa aikinki albarka. Abin da kika gani ba saɓani ba ne, littattafan makaranta ne suka ɗauki rabin labarin suka bar rabi. Farfaɗowar ilimi ba ta kori annoba daga Turai ba. Babbar annobar da ta ratsa nahiyar daga 1347 zuwa 1351 ta kashe aƙalla kashi ɗaya cikin uku na mutanenta, kuma ta ci gaba da dawowa birni bayan birni har tsawon ƙarnuka. Shi kansa Dürer, wanda aka haifa a Nurambag ta ƙasar Jamus a 1471, mahaifiyarsa ta haifi ƴaƴa 18, uku kaɗai suka girma suka zama manya. Tafiyarsa ta biyu zuwa Italiya a 1505 ta zo daidai da lokacin da annoba ke cin garinsu, kuma a shekarar ce ya zana mutuwa da gawayi, sanye da kambin sarauta a kan ramammen doki. Mutumin da yake auna gaɓoɓin jikin ɗan Adam da lissafi don ya gano sirrin kyawunsa, shi ne kuma ya san saurin da jikin yake lalacewa.

Siffanta mutuwa da ƙwarangwal ya girmi na'urar ɗab'i. Tsakanin 1424 da 1425 an zana abin da suke kira rawar mutuwa a bangon wata babbar maƙabarta a tsakiyar birnin Faris, inda aka jera mutane daga Paparoma da sarkin sarakuna har zuwa manomi da jariri, kowanne da gawar da ta riƙe masa hannu tana jan sa cikin sahu. An yi irinsa a Bazel ta ƙasar Suwizalan wajen 1440. Ya kamata ki gaya wa yara cewa a irin waɗannan maƙabartu, idan wuri ya cika, akan tone tsofaffin ƙasusuwa a jera su a rumfunan da ke gefe, a idon duk mai wucewa. Saboda haka ƙwarangwal a wurinsu abu ne da ido ya saba da shi, ba shi da alaƙa da tsafi.

Abin da ɗab'i ya canza shi ne wurin da mutum yake haɗuwa da hoton. Zanen bango yana wuri ɗaya, ana kallonsa cikin jama'a, daga nesa. Da fasahar Gutenberg ta buga littattafai da na'ura ta bayyana a Mayins ta ƙasar Jamus wajen 1450, takarda kuma ta yi araha, sai hoton ya sauko daga bango ya shiga hannu. Yadda ake aikin ya yi kama da na masu sassaƙa hatimi a kasuwa: ana zana hoton a juye a kan allon katako, a sassaƙe duk inda ake so ya fito fari, a bar layukan a tsaye, a shafa tawada, a danna takarda. Na jan ƙarfe kuwa akasin haka ne, domin layin ake haƙawa cikin farantin da ƙarfe mai tsini, tawada ta kwanta a cikin ramin, shi ya sa ake samun layuka sirara kamar gashi. Allo ɗaya yana ba da ɗaruruwan kwafi. A 1485 wani maɗabi mai suna Guyot Marchant ya buga rawar mutuwar Faris a littafi, kuma da aka rushe bangon a 1669, littafinsa ne ya adana mana kamanninta. A 1493 babban littafin tarihin duniya da aka buga a Nurambag ya fito da hoton ƙwarangwal suna rawa a bakin kabari, daga shagon Michael Wolgemut, wanda a wurinsa Dürer ya koyi sana'a.

Amma idan kina so ki ga inda abin ya kai maƙura, ki tsaya a kan Holbein. Ya zana jerin hotunansa a Bazel tsakanin 1523 da 1526, wani gwanin sassaƙa mai suna Hans Lützelburger ya sassaƙa su, aka buga guda 41 a Liyon ta Faransa a 1538. Kowane hoto bai fi santimita 6 da rabi a tsaye da santimita 5 a kwance ba, da aya daga Littafi Mai Tsarki na Kirista a sama da baiti huɗu na Faransanci a ƙasa. Holbein ya wargaza sahun rawar nan gaba ɗaya. Maimakon a jera mutane a fili, sai mutuwa ta bi kowa har wurin aikinsa, ta same shi a tsakiyar abin da ya saba yi. Alƙali ya miƙa hannu yana karɓar toshiya daga mai kuɗi, ya juya wa talaka baya, ita kuwa tana bayansa tana ƙwace sandar hukuncinsa. Wani babban ɗan majalisar gari yana zance da attajiri, shaiɗan yana hura masa iska a kunne da zugazugi, matalauci yana binsa yana roƙo bai ko waiwaya ba. Marowaci yana cikin ɗakin ajiyarsa mai tagar ƙarfe, ya ɗaga hannuwa yana kururuwa, domin dukiyarsa take kwasa a gabansa. Ɗan koli da kayansa a baya yana nuna mata hanyar da zai bi, alamar yana da sauran tafiya, ita kuwa ta riƙe masa hannun riga. Likita ma an kawo masa tsoho marar lafiya, mutuwa ce ta jawo shi, ta miƙa wa likitan kwalbar fitsarin da a zamanin ake dubawa don gane ciwo.

Ga abin da na fahimta bayan na daɗe ina duban waɗannan hotuna. Ƙwarangwal ɗin ba shi ne abin kallo ba. Shi bai canzawa, mutanen ne suke canzawa, kuma zuwansa ne yake tsayar da kowa a kan halin da yake ciki don mai kallo ya gan shi sarai. Holbein yana amfani da mutuwa ne ya tambayi masu rai yadda suke riƙon amanar da ke hannunsu, kuma masu mulki da manyan majami'a ne suka fi shan tambayar. Wannan kuwa aikin Farfaɗowa ne tsantsa, domin kulawa ce da mutum ɗaya ɗaya, da fuskarsa da tufafinsa da ɗakinsa da sana'arsa. Idan kika nuna wa yara hoto, ki fara tambayarsu abin da mutumin yake yi kafin mutuwa ta iso, sai daga baya ku zo kan ƙasusuwan.

Malamin Zaure, Garin Malam

Assalamu alaikum. Malama, Allah ya ƙara basira, kuma ina gode wa Malam na Birni bisa wannan bayani. Ni zan taɓa kashi na biyu na tambayar, gwargwadon abin da na karanta.

Da farko, kada ki bari yara su ɗauka cewa ba wa mutuwa siffa abu ne da Turawa kaɗai suka sani. Ya tabbata a cikin Bukhari da Muslim cewa ranar alƙiyama za a zo da mutuwa a siffar rago mai fari da baƙi, a tsayar da shi tsakanin Aljanna da Wuta, a tambayi mutanen ɓangarorin biyu ko sun san shi, su ce sun san shi, sannan a yanka shi, a shelanta dawwama babu sauran mutuwa. An kuma umurce mu da yawaita tuna mai yanke jin daɗi. Waƙoƙin wa'azi da malamanmu suka rubuta da ajami, waɗanda har yau almajirai da makafi suke rerawa a ƙofofin gidaje, cike suke da wannan salo: a kira sarakunan da suka shuɗe a tambayi inda suke, a siffanta duniya da mace mayaudariya, a bi gawa daga wanka zuwa likkafani zuwa makara zuwa kabari. Mu da kalma muka yi namu, su suka yi nasu da layi da tawada. Yaron da ya taso yana jin waɗannan waƙoƙi ya riga ya san manufar hoton tun kafin ya gan shi, abin da ya rage a nuna masa mahaɗin.

Na biyu, akwai bambancin aƙida wanda bai kamata a rufe shi ba, kuma faɗinsa shi ne adalci ga ɓangarorin biyu. Na lura jerin Holbein ya fara ne da halittar Adamu da Hauwa'u, da cin ɗan itacen, da fitarsu daga gonar, inda mutuwa ta bayyana karon farko tana kiɗa a gabansu, sannan a hoto na gaba ga ta tana taya Adamu aikin gona. Wannan koyarwar Kirista ce, cewa ta hanyar zunubin mutum ɗaya mutuwa ta shigo duniya. A wurinmu Allah ya karɓi tuban Annabi Adamu, ba wanda yake gadon laifin wani, kuma aya ta 2 ta Suratul Mulk ta ce Allah ne ya halicci mutuwa da rayuwa don ya jarraba mu, a ga wanda ya fi kyautata aiki. Haka nan mutuwa ba ta da ikon kanta balle ta yi wa mutane dariya, mala'ika ne aka wakilta a kanta kamar yadda ya zo a aya ta 11 ta Suratus Sajda, kuma ba ya gaba da ajali ba ya jinkirta shi. Mu kuma muna gaggauta binne mamaci, muna suturta shi, ba ma tone ƙashinsa, shi ya sa ganin ƙwarangwal yake yi wa yaranmu nauyi, kuma nauyin nan tarbiyya ce mai kyau da bai kamata a yi musu dariya a kanta ba.

Akwai wani littafinsu da na ga ya fi kusa da abin da muka sani, wanda ya yaɗu tun wajen 1450 da hotuna 11, yana koyar da yadda ake cikawa da kyau. Ana nuna majinyaci a kan gado, shaiɗanu suna zuwa masa da jarrabawa biyar, wato shakka a imani, da yanke ƙauna daga rahama, da rashin haƙuri, da jiji da kai, da son dukiya, kowace kuma da mala'ikan da ke ba da amsarta. Duk wanda ya taɓa zama a gefen mai jinya yana laƙanta masa kalmar shahada zai gane damuwar da ta haifi wannan littafi, ko da aƙidar ta bambanta.

Game da hukuncin hoto, malamai sun yi magana mai tsawo, kuma da yawansu sun sassauta a kan abin da ake amfani da shi don koyarwa ba don girmamawa ba. Shawarata ita ce ki sanar da shugaban makaranta, ki bayyana wa yara tun farko cewa shaidar tarihi ce kuke dubawa, ki kuma zaɓi waɗanda babu tsiraici a cikinsu, domin akwai na wasu masu zanen Jamus da suke haɗa mutuwa da budurwa a yanayin da bai dace da aji ba.

Ungozoma mai ritaya, Karkada

Ina gaida malamai. Ƙanwata mai tambaya, bayan na karanta bayanin Malam na Birni na nemi hotunan na duba, kuma akwai guda ɗaya da nake roƙon kada ki tsallake shi, wato na yaron nan. Ɗakin da ake ciki rufinsa a farfashe yake, uwa tana durƙushe tana girki a kan wuta a ƙasa, hayaƙi ya cika wurin, ɗan'uwansa yana tsaye ya dafe kai, mutuwa kuwa ta kama hannun ƙaramin tana fita da shi ta ƙofa, shi kuma ya waiwayo yana miƙa ɗaya hannun ga mahaifiyarsa. Yaron nan bai karɓi toshiya ba, bai juya wa kowa baya ba. Saboda haka maganar cewa mutuwa tana tona halin mutum ba ta isa ta bayyana wannan hoto ba, sai dai idan halin da take tonawa na garin ne gaba ɗaya.

Muna cewa mutuwa rigar kowa, kuma gaskiya ne, amma wanda ya yi aiki a ɗakin haihuwa da ɗakin yara masu tamowa ya san ba a lokaci ɗaya ake sa wa kowa ita ba. A cikin hotunan nan sarakuna da manyan majami'a sun yi ƙiba, da yawansu sun manyanta kafin ta zo musu, ɗan talaka kuwa ko wando bai isa sawa ba. Mun ga haka a nan lokutan sanƙarau da ƙyanda, mun gan shi a yunwar 2005, kuma kakanninmu sun ba mu labarin yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914. Ajali na Allah ne, babu mai ja da wannan, amma sakacin da ya sa rijiya ta gurɓace ko allurar rigakafi ba ta iso ƙauye ba, na mutane ne, kuma za a tambaye su. Ina tsoron kada a koya wa yara cewa tunda kowa zai mutu, to bambancin da ke tsakanin masu rai ba abin damuwa ba ne. Mai zanen da ya ɓata lokaci ya zana kowane karyayyen katako na rufin ɗakin nan, a fili ɗan ƙarami haka, ya damu da bambancin.

Ɗalibin Tarihi, Zango

Ina gaida iyayena. Maganar Inna ta Karkada tana da madogara a tarihin shekarun da aka yi zanen. Daga 1524 zuwa 1525 manoman ƙasashen Jamus sun yi babban tawaye, wanda ya kai har kewayen Bazel, aka murƙushe shi da kisan da ake ƙiyasta ya kai mutum 100,000. A 1525 sun rubuta buƙatu 12 a garin Memmingen, aka buga su aka yaɗa da irin na'urar da ke buga waɗannan hotuna, kuma buƙata ta 11 ita ce a soke harajin mutuwa, wanda ya ba ubangidan ƙasa damar ɗaukar mafi kyawun dabba ko tufa daga gidan manomin da ya rasu, a bar gwauruwa da marayu. Ke nan a wurin manomin wancan zamani ko mutuwar ma ba ta daidaita shi da mai ƙasa ba. A cikin jerin Holbein akwai hoton wani basarake da mutuwa ta zo masa sanye da kayan manomi, ta ɗaga garkuwar da ke ɗauke da tambarin gidansu za ta rotsa masa. Wanda ya ga wannan a wancan zamani ya san abin da ake nufi.

Sai dai ina so in ƙara wani abu a kan maganar Baba na Birni cewa hoton ya shiga hannu, tare da neman afuwa idan na yi karambani. Hannun wa ya shiga? Littafin Liyon yana da Latin da Faransanci, an yi shi ne don masu karatu da masu abin saye, wato su lauya da likita da attajirin da ke cikin hotunan. Manomin da ke rataye da garma bai saye shi ba. Haka kuma shekara 12 suka wuce tsakanin rasuwar Lützelburger a 1526 da fitowar littafin, kuma ya fito ba tare da sunan Holbein ba. Masana da dama suna danganta wannan jinkiri da zafin sukar da ke cikinsa, musamman hoton Paparoma da aka zana da shaiɗanu a kewayensa, a lokacin da rikicin addini ya raba Turai, har mutanen Bazel suka farfasa gumaka da hotunan majami'unsu a 1529. Ina ganin yana da kyau ɗalibai su san cewa wa'azin kaya ne na sayarwa kuma, an sake buga shi sau da yawa ana ƙara hotuna domin yana da kasuwa, kuma wannan bai rage masa gaskiya ba.

Malamar Tarihi, Tudun Jamus

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Yaya ta Karkada, in sha Allahu da hoton yaron zan fara. Baba na Birni, saura guda ɗaya da ya tsaya mini, wato na Dürer mai barde a kan doki. A can mutuwa ba ta kama kowa ba, barden ma ko kallonta bai yi ba. Shin wannan bai rushe abin da muka faɗa a kan Holbein ba, ko kuwa wata magana ce dabam ake yi?

Tsohon Malamin Zane, Birni

Wata magana ce dabam, ƴata. Kafin in shiga cikinta, ina tare da Hajiya ta Karkada a kan hoton yaron, kuma ɗana na Zango ya yi daidai a kan masu sayen littafin, ko da yake takardu guda guda sun fi littafi araha nesa ba kusa ba, har matar Dürer da mahaifiyarsa sukan kai nasa kasuwanni suna sayarwa.

Dürer ya zana mutuwa ta fuskoki da yawa. A 1498, ana dab da shekarar 1500 da mutane da yawa suke tsoron ita ce ƙarshen duniya, ya buga hotuna 15 na katako a kan littafin Ru'uya ta Yohanna, na ƙarshe a Littafi Mai Tsarki na Kirista, mai magana a kan ƙarshen duniya. A cikinsu akwai mahaya huɗu, mai baka da mai takobi da mai ma'auni, na huɗun kuwa mutuwa ce, tsoho ramamme a kan doki ramamme, suna tattake jama'a ba zaɓe. Wannan mutuwar gayya ce, irin ta yaƙi da yunwa da annoba. Na barden kuwa a jan ƙarfe ya haƙa shi a 1513, tsawonsa kusan santimita 24, kuma tambayarsa ita ce yadda mutum ɗaya zai yi tafiyarsa alhali ya san abin da ke jiransa. Barden yana cikin sulke da kwalkwali, da mashi a kafaɗa, yana ratsa wani kwazazzabo mai duwatsu da busassun saiwoyi. Mutuwa tana gefensa a kan doki mai sunkuyayyen kai, macizai sun naɗe mata kambi da wuya, ta ɗaga agogon yashi tana nuna masa. Shaiɗan yana baya da hancin alade da ƙaho. Kare yana gudu a ƙarƙashin dokin, ƙoƙon kai yana kan kututture a gaba, can sama kuma ga wani birni mai ganuwa. Ki lura da agogon da kyau, domin yashin bai ƙare ba, akwai saura a sama. Ba ta zo ɗaukarsa ba tukuna, tuni take yi masa.

Fassarar da ta fi shahara ita ce barden misalin mumini ne mai tsayuwa a kan hanya, kuma ana haɗa shi da wani littafin da Erasmus, wani malamin Kirista ɗan Holan, ya fitar a 1503 a kan mayaƙin Kirista, inda ya kwaɗaitar da mai imani kada ya bari abubuwan tsoratarwa su sa shi waiwaye. Wasu masana kuwa suna cewa ɗan fashi ne daga cikin baraden da suka addabi fataken Nurambag a lokacin, suna kafa hujja da wutsiyar yanyawa da ke ɗaure a mashinsa, suna ganin mutuwa da shaiɗan abokan tafiyarsa ne, rashin kallonsu kuma taurin zuciya ne. Shi Dürer, a littafin da ya riƙa rubuta kuɗin shiga da fita a tafiyarsa ta yankin da yau ya zama Beljiyam da Holan daga 1520 zuwa 1521, mahayi kawai ya kira hoton.

Ni na fi karkata ga fassarar farko, saboda yadda ya ƙera dokin. Ya yi shekaru yana nazarin ma'aunin jikin doki, ya ga aikin Italiyawa da idonsa, sannan ya zuba duk abin da ya sani a wannan dabba, har kowace tsoka ta zauna a wurinta, tafiyarta kuma a natse. Da wuya mai sana'a ya ba wanda yake so a ƙi irin wannan kamala. Amma kada ki ba yara amsata. Ki raba su gida biyu, kowane ɓangare ya kare fassara ɗaya da abin da yake gani a takardar, kare da wutsiya da agogo da fuskar barden, domin haka ake koyon karanta shaida. Gidan tarihi na Metropolitan da ke Niyok da na Birtaniya da ke Landan sun sa hotunan nan a intanet, ana iya duba su kyauta. Ki sauke mafi girman da layinki zai iya ɗauka, ki buga na Dürer a cikakkiyar takarda don layukan su fito, na Holbein kuwa ki buga kowanne sau biyu, ɗaya babba don nazari, ɗaya a ainihin girmansa don yara su ga ƙanƙantar filin da Lützelburger ya yi aiki a ciki da wuƙa.